Yadda ake shirya jirgi a fita yawon gano taurari kai kaɗai a Elite Dangerous

Wannan bayani na wanda ya riga ya sauke Elite Dangerous ne, ya iya tashi da sauka a tasha, amma har yanzu yana zagaye a unguwa ɗaya yana jigilar kaya saboda tsoron nisa. Kamfanin Frontier Developments na Ingila ne ya fitar da wasan a Disambar 2014, ya kwaikwayi garken taurarin da ranarmu ke ciki, wato Milky Way, da rukunin taurari kusan biliyan 400. An haura shekara goma ana bugawa, amma abin da 'yan wasa suka taka bai kai kashi 1 cikin 1,000 ba. Ko yau ka fara, akwai duniyar da ba wanda ya taɓa gani.

Kafin komai, riƙe wannan da kyau. Duk abin da ka gano a hanya bayani ne kawai da jirginka ke ɗauke da shi, bai zama kuɗi ba sai ka dawo tasha ka sayar. Jirgi ya tarwatse, bayanan sun bi shi, ko da na wata uku ne. Daidai yake da mai lodin albasa daga Aliero zuwa Legas: ba a ƙirga riba a kan hanya, sai an sauke buhu an karɓi kuɗi. Saboda haka duk shirin da zan faɗa na jirgin da zai dawo da kai ne. Nisa yana biyo baya.

Kayan da za ka tanada

Na farko kwamfuta. Tun 2022 kamfanin ya daina sabunta wasan a PlayStation da Xbox, don haka kada ka ɓata kuɗi a can. Ka bar wa wasan fili kamar gigabait 75, idan kuma da sauran abin saukewa ka yi shi da tsakar dare lokacin da data ke sauƙi. Bugawar kanta ba ta cin data sosai, amma tana son layin da ba ya yankewa, domin ko kai kaɗai kake wasa sai da intanet. Kowane tsalle daga tauraro zuwa tauraro sai an tambayi uwar garke.

Na biyu wuta. Laftof mai batir mai rai, ko inbata, ko sola. A Birnin Kebbi, daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, kuma wannan wasa yana gasa kwamfuta. Kada ka ɗora laftof a kan katifa ko filo, ka sa ta a tebur ka ɗaga bayanta da ɗan katako iska ta riƙa shiga ta ƙasa. Bayan hunturu ka kai ta wurin mai gyara ya hure ƙurar fanka. Idan hoto ya fara sarƙewa daidai lokacin da kake gefen tauraro, sau da yawa ba layi ba ne, zafi ne.

Kibod da linzami sun isa. Fad ɗin wasa ya fi daɗin tuƙi idan akwai shi, sandar tuƙi mai tsada kuwa ba dole ba ce.

A cikin wasan kuma kana buƙatar kiredit, wato kuɗin wasan, kamar miliyan 12 zuwa 15 don jirgi mai kyau da kayansa. Idan ba ka kai nan ba, akwai hanyar talaka, zan zo kanta.

Mataki na 1: Zaɓi jirgi

Sidewinder ɗin da aka ba ka kyauta na koyo ne. Jiragen da masu farawa ke fita da su uku ne.

Hauler bai kai kiredit 53,000 ba. Ƙarami ne, mara kyan gani, amma idan ka rage masa nauyi yana tsalle fiye da yadda kuɗinsa ya nuna. Wannan ita ce hanyar talakan: ka fita da shi tafiya gajera, ka dawo ka sayar da bayanai, ka sayi na gaba da ribar.

Diamondback Explorer yana kusan miliyan 1.9. Yana tsalle mai nisa, ba ya saurin ɗaukar zafi, kuma ƙanƙantarsa na ba shi damar sauka a tsakanin duwatsu. Aibinsa ɗaya: ludayin ɗibar mai da yake iya ɗauka ƙarami ne, lamba 4, don haka za ka daɗe a gefen kowane tauraro kana jira.

Asp Explorer yana kusan miliyan 6.7. Gilashinsa faɗi ne har ƙarƙashin ƙafa, yana ɗaukar ludayi lamba 6, ga wurin kaya. Idan kuɗi ya isa, shi ne ya fi sauƙin zama na dogon lokaci. Ni dai ga mai farawa da jari kaɗan, Diamondback nake nunawa, domin abin da ya rage daga kuɗin jirgi shi zai shiga inji.

Akwai Krait Phantom da Anaconda da Mandalay wanda ya fito a 2024, amma waɗannan sai ka yi ƙarfi. Tunda an ambaci Anaconda: idan wani tsohon hannu ya ce maka ana raba shi kyauta a Hutton Orbital, tsokana ce da ake yi wa baƙi. Tafiyar ta wuce awa ɗaya kana zaune kana kallon baƙin sarari, kuma wurin ba shi ma da filin saukar babban jirgi.

Mataki na 2: Ɗora kaya

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi ɓarnar kuɗi.

Kowane kaya yana da lamba da harafi. Lamba girmansa ce, harafi kuma darajarsa, daga E zuwa A. Abin da mai farawa bai sani ba shi ne A ba kullum ya fi ba. A ya fi ƙarfi, D ya fi rashin nauyi, B ya fi kowa nauyi. Nisan tsalle kuwa ya dogara ne kan ƙarfin injin tsalle da nauyin jirgi. Ka ga ke nan dokar a taƙaice: injin tsalle A, kusan duk sauran D.

Injin tsalle, wanda wasan ke kira Frame Shift Drive, ka saya mafi girman da ramin zai ɗauka. A Diamondback da Asp 5A ne, kuɗinsa ya ɗan haura miliyan 5. Eh, ya ninka kuɗin Diamondback ɗin kansa, kuma ya cancanta. Tun 2024 akwai nau'in da ake kira SCO, mai maɓallin ƙarin gudu a cikin rukunin tauraro. Ka saye shi, amma ka yi hattara da maɓallin nan a tsofaffin jirage, yana zuƙe mai yana tada zafi cikin daƙiƙu kaɗan.

Injinan turawa, na'urar iska, na'urar hange da mai rarraba wuta duk ka sa D. Ka lura da abu biyu. Kada ka rage girman injin turawa don kwaɗayin nisa, domin ranar da za ka sauka a duniya mai nauyin ja za ka nemi ƙarfin nan. Sannan mai rarraba wuta idan ya yi ƙanƙanta da yawa, jirgin ba zai iya zabura ba. Ka gwada maɓallin zabura a bakin tasha kafin ka yi nisa.

Janaretan jirgi shi ne ya fita daga doka. Ka sa A, amma ƙarami, daidai wanda zai ɗauki kayanka. A ya fi rage zafi, kuma zafi ne zai fi damunka a hanya.

Bindigogi ka cire su duka ka ajiye a ma'ajiya. A can nesa ba wanda za ka harba. Sulken jirgi ka bar mara nauyin da ya zo da shi.

Sai ramukan zaɓi. Mafi girma ka ba ludayin mai, wato Fuel Scoop. Idan kuɗin A ya gagara, ka ɗauki babban B ko C, ya fi ƙaramin A amfani. Ba a fita ba tare da shi ba, ko da wasa. Na gaba na'urar zana taswirar duniya, Detailed Surface Scanner, kiredit 250,000. Sai garkuwa ƙarama mai harafin D, ba don faɗa ba, don ranar da cikin jirgi zai daki ƙasa. Sai na'urar gyara, AFMU, wadda ke gyara kayan ciki amma ba ta gyara gangar jiki ko janareta. Sai garejin ƙaramar mota idan kana son sauka ka tsinci ma'adinai. A waje kuma ka ɗaura abin zubar da zafi guda ɗaya, Heat Sink Launcher. Idan ƙaramin rami ya rage, ka sa na'urar sauka da kanta a tasha. Wasu na ganin ragonci ne. Bayan sati shida ba ka ga ƙofar tasha ba, hannunka zai manta, kuma a ranar ne kake ɗauke da duk dukiyarka.

Idan ka gama, buɗe shafin kaya na hannun dama ka kashe wutar na'urar gyara da garejin mota da ƙofar kaya. Sai za ka yi amfani da su ka kunna.

Ba kowace tasha ke sayar da komai ba. Ka nemi rukuni mai manyan masana'antu da yawan jama'a, ko ka duba shafin Inara ya faɗa maka inda ake samu. Shafin EDSY ko Coriolis kuma yana ba ka damar haɗa jirgi a allo ka ga nisan tsallensa kafin ka kashe ko kiredit ɗaya.

Gargaɗi na ƙarshe a nan: kada ka tashi sai kuɗin inshora na aljihunka. Kashi 5 cikin 100 ne na darajar jirgi da kayansa. Idan jirgi ya fashe ba ka da shi, kana iya tsintar kanka a Sidewinder.

Mataki na 3: Injiniya, idan da hali

Akwai wata injiniya a cikin wasan, Felicity Farseer, a rukunin Deciat, mai ƙara wa injin tsalle nisa ƙwarai. Tana so ka kai matsayin Scout a bincike, sannan ka kawo mata wani kaya mai suna Meta-Alloy guda ɗaya, wanda galibi ake samu a manyan jiragen dakon 'yan wasa. Ka shiga Deciat a yanayin Solo, wato kai kaɗai ba sauran 'yan wasa, domin nan ne masu farautar sababbi ke kwanto.

Idan wannan ya yi maka yawa, tsallake shi. Jirgi mai tsallen shekarar haske 30 zuwa 35 ya ishe ka tafiyar farko, kuma a tafiyar ne za ka samu matsayin da take nema.

Mataki na 4: Tsara hanya

Buɗe taswira, ka shiga wurin tace taurari. Iri bakwai ne kawai ake ɗibar mai a jikinsu: K, G, B, F, O, A, M. Ka rubuta KGBFOAM a takarda ka manna a gefen allo. Ka bar alama a kan waɗannan, ka cire ta daga sauran, ka kunna zaɓin da ke sa hanya ta bi abin da ka tace. Wanda ya yi wannan ya rufe babbar ƙofar mutuwa. A kan taswira, layin hanya yana tafiya a haɗe har inda manka zai kai, daga nan ya koma ɗigo-ɗigo.

Ina za ka nufa? Ba Sagittarius A* ba tukuna, wanda ke tsakiyar garken taurarin, kusan shekarar haske 26,000 daga Sol, wato ranarmu. Ba Colonia ba, wani matsugunin mutane mai nisan 22,000. Tafiyar farko ka yi 1,000 zuwa 2,000 ka juyo. Kuma kada ka miƙe kai tsaye zuwa wuri mai suna, domin dubban mutane sun bi layin sun rubuta sunayensu a kan komai. Ka zaɓi gefen da babu abin kallo, ka hau sama ko ka gangara ƙasa da shimfiɗar taurarin da shekarar haske ɗari biyu ko uku, sannan ka miƙe. Wajen Orion akwai yankunan da aka kulle sai da izini, irin su Col 70, suna rikita tsara hanya. Ka kauce musu a karon farko.

Game da yanayin shiga, akwai Open inda kowa yake, da Private Group na abokai, da Solo. Duniyar ɗaya ce, kuɗin ɗaya ne. A nesa ko a Open da wuya ka haɗu da kowa, amma Solo ya fi sauƙi ga layi mai rauni.

Mataki na 5: Abin da ake yi a kowane tauraro

Wannan za ka maimaita har ya zama jiki.

Ka saita jirgi, ka danna tsalle. Da zarar ƙirgen daƙiƙu ya fara, mayar da totur sifili. A kibod maɓallin X ne. Dalili kuwa jirgi yana fitowa ne da hancinsa a kan tauraro. Idan totur na sama, kuma a daidai lokacin aka kira ka daga tsakar gida, kafin ka waiwayo ka afka.

Da fitowa, danna na'urar gano rukuni ka riƙe har ta yi kukanta. Ita ke faɗa maka yawan duniyoyin da ke wurin, kuma ko ita kaɗai tana kawo ɗan kuɗi.

Sai ɗibar mai. Ka matsa gefen tauraron a hankali, ka bar shi a ƙasan gilashi ko a gefe, kada ka tsallaka zoben da aka zana kewaye da shi. Lambobi biyu za su bayyana: yawan man da ke shiga da kuma zafi. Ka nemi wurin da mai ke shiga sosai zafi kuma ya tsaya wajen 65 zuwa 70, ka rage gudu ka tsaya nan. Idan ya haura 80 ka ja baya. Daga 100 kayan ciki sun fara ƙonewa, hayaƙi na tashi a gabanka. Kuskuren da ya fi yawa shi ne kunna injin tsalle tun ana gefen tauraro, zafi kan zafi. Ka juya masa baya, ka jira ludayi ya rufe, lambar ta sauka, sannan ka danna. Ka riƙa cika tanki duk lokacin da ya kusa rabi.

Bayan ka yi nisa da tauraron, tsaya ka buɗe babbar na'urar dubawa, FSS. Akwai layi a ƙasa da kake murɗawa, kowane irin duniya da inda alamarsa ke fitowa. Ba kowane rukuni ya cancanci lokacinka ba. Idan duk ƙanƙara ce da duwatsu, wuce. Abin nema huɗu ne: duniya mai kama da tamu, duniyar ruwa, duniyar ammoniya, da duk wadda aka rubuta cewa za a iya gyara ta mutane su zauna. Mai kama da tamu, idan kai ka fara gano ta ka kuma zana taswirarta, tana iya haura miliyan 3.

Zana taswira sai ka je kusa. A hanyar, idan lokacin isa ya nuna daƙiƙa 7, mayar da totur tsakiyar shuɗin layi, in ba haka ba ka wuce ta ka dawo zagaye. Da ka isa, ka harba 'yan na'urorin su rufe kashi 90 na jikinta. Akwai adadin harbi da aka ƙayyade a kusurwar allo, wanda bai wuce shi ba yana da ƙarin lada. Dabarar ita ce ka harba wasu can bayan gefen duniyar, su lanƙwasa su faɗa bayanta.

Mataki na 6: Sauka ƙasa

Kafin ka sauka ko'ina, duba nauyin jan duniyar. Duk abin da ya haura 1G, wato nauyin jan duniyarmu, mai farawa ya bar shi. A mai rarraba wuta ka tura ɗigo huɗu zuwa garkuwa, ka sauko a kwance a hankali, kada ka danna maɓallin turawa ƙasa da ƙarfi. Tsofaffin hannu da yawa a nan suka rasa aikin watanni.

Idan kana da ƙarin Odyssey na 2021, ka sayi rigar Artemis kafin ka bar gari. Da ita ake ɗaukar samfurin tsirrai, uku daga kowane iri, da tazara tsakaninsu. Kuɗin yanzu a nan yake. Wani tsiro mai suna Stratum Tectonicas ya kai miliyan 19, kuma idan kai ne farkon kawo shi daga wannan duniyar ana ninka maka sau biyar. Tazararsa mita 500 ce, don haka mota ko ɗan tashi da jirgi ya fi tafiyar ƙafa. Idan ba ka da Odyssey, taswira kaɗai ma tana ciyar da mutum.

Mataki na 7: Taurarin nutron

Ƙananan taurari ne masu fitar da harshen haske biyu. Idan ka shiga harshen da ludayin mai, injin tsalle yana ninkuwa huɗu na tsalle ɗaya. Shafin Spansh yana tsara hanya ta cikinsu. Ana shiga ne daga can ƙarshen harshen, da gudu kaɗan, hanci na kallon waje ba tauraron ba. Jirgi zai yi ta fizga, ka daure har a ce ya cika, ka fita. Kowane shiga yana ɗan cin lafiyar injin, idan ya kusa 80 cikin 100 ka tsaya nesa da tauraro, ka fita daga gudun cikin rukuni, ka gyara da AFMU. Kada ka gyara shi kana cikin gudu, gyara yana kashe injin ne.

Fararen ƙananan taurari masu kama da su rabi kawai suke ƙarawa, haɗarinsu kuma ya fi yawa. Ka bar su. Nutron ɗin ma, idan batirin laftof ya yi ƙasa ko layi na rawa, ba ranarsa ba ce.

Mataki na 8: Idan abu ya ɓaci

Wuta ta ɗauke ko layi ya yanke: kwantar da hankalinka, bayananka suna uwar garke, ba su ɓata ba. Za ka dawo ka tarar da jirgi tsaye kusa da inda ka bari. Wani lokaci wasan zai jefo ka waje da saƙo mai sunan launi da maciji, kamar Orange Sidewinder ko Scarlet Krait, matsalar haɗi ce, ka sake shiga. Idan za ka tashi salla ko cin abinci, ka yi nisa da tauraro, ka tsaya cak, ka fita zuwa shafin farko.

Mai ya ƙare: akwai ƙungiyar 'yan wasa masu sa kai, Fuel Rats, tun 2015 suke kai wa mutane mai kyauta duk nisan wuri. Ka tsaya, ka kashe komai ban da na'urar iska, ka rubuta sunan rukunin da kake, ka shiga shafinsu ka nemi taimako. Da Turanci ake magana, amma gajerun tambayoyi ne. Idan ka ga agogon iska ya fara ƙirge a allo, fita zuwa shafin farko nan take, kada ka sake shiga sai sun ce. Na'urar iska mai harafin D minti bakwai da rabi kawai take ba ka.

Mataki na 9: Dawowa da sayarwa

Tun kana saura tsalle ashirin ka shiga yankin mutane, koma Solo. Ka zaɓi tasha a bakin iyaka, cikin rukuni mai tsaro, mai ofishin sayen taswira, Universal Cartographics. Ba a sayen bayanin rukunin da bai kai shekarar haske 20 daga tashar ba, amma ga wanda ya zo daga nesa wannan ba matsala ba ce.

Ka nemi izinin sauka kafin ka kusanci ƙofa, ka riƙe gudu ƙasa da 100, ka bi gefen koren fitila, ka sauke ƙafafun jirgi. Idan babban jirgi na fitowa, ka ba shi hanya.

Kana sauka, kafin gyara, kafin shan mai, wuce ofishin taswira. Shafi-shafi ake sayarwa, kowane shafi rukuni 50, kuma yana ɗan jinkiri, kada ka yi ta dannawa. Bayan kowane shafi za a nuna maka duniyoyin da aka rubuta sunanka a kansu. Sunan ba ya hawa sai an sayar, don haka idan wani ya riga ka kai bayanin wuri ɗaya, nasa ne. Samfurin tsirrai kuma ba a nan ake sayar da shi ba, sai ka fito daga jirgi ka taka zuwa kantin Vista Genomics a cikin tashar. Ba kowace tasha ke da shi ba, ka duba a taswira tun kafin ka zaɓi inda za ka sauka.